Ƙarfen da Ka Ajiye a Gidana

Jibiya,
9 ga Oktoba, 2024

Zuwa ga Yayana Zunnuraini,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina fatan kana lafiya, kai da Anti Ummusalma da yara, kuma aikin makaranta yana tafiya daidai. Mu nan sai godiyar Allah. Lafiya dai ba zan yi maka ƙarya ba, babu ita a gidana.

Na san za ka yi mamakin ganin takarda alhali ga waya. Da gangan na rufe lambarka. Tun muna yara ban taɓa kai ƙarshen magana a gabanka ba, kullum kana da amsa kafin in rufe baki. A takarda ba za ka katse ni ba. Dalhatu direba zai miƙa maka ita a tashar Katsina, in ka ga dama ka karanta.

Abokinka Kalilu, maigidana Baban Na'ima, yau kwanansa huɗu a kwance. Ba ya iya zama, ba ya iya juyawa sai an juya shi. A kwance yake salla, da ishara. Ƙafarsa ta hagu ya ce kamar ana tsiyaya masa ruwan zafi daga ƙugu har yatsa. Mutumin da ke saɓa buhun masara daga wannan mota zuwa waccan a Magama, bakin iyakar Nijar, tun safe har la'asar, yau ni ke riƙe masa kofi ya sha ruwa.

Ka san abin da ya kwantar da shi. Ƙarfenka ne.

Ban manta ranar da ka shigo da shi ba, bayan ƙaramar salla. Doguwar sandar ƙarfe da ka samo wajen masu gyaran manyan motoci, da siminti da ka zuba a bokitan fenti ya daskare, ka huda tsakiya ka zura gefe da gefe. Ka jera bulo huɗu a tsakar gidana, biyu nan biyu can, daidai inda nake shanya, ka ɗora abin a kai har sandar ta kai masa gwiwa. Ba ka tambaye ni ba. Ko kallon igiyar shanyata ba ka yi ba.

Ka ce watannin da aka rufe iyaka ya zauna ba aiki, jikinsa ya saki, shi ya sa da aka buɗe ya koma dako bayansa ya fara ciwo. Ka ce wannan ne maganinsa. Ina daga ɗakin girki ina jin ka kamar kana gaban ɗalibanka: ya buɗe ƙafa daidai faɗin kafaɗa, ya tura ƙugu baya, ya miƙe gadon baya kamar katako, ya cika ciki da iska ya riƙe, ya ja sandar tana gogar cinya har ya miƙe tsaye, sannan ya mayar a hankali. Sau biyar, ya huta, ya sake. Shi kuma yana ta "to, Malam", kamar ba tare kuka yi wasan ƙasa ba.

Mutumin da bayansa ke ciwo saboda ɗaukar kaya, ka ce maganinsa ƙarin ɗaukar kaya. Ni ban yi karatu mai zurfi irin naka ba, amma na san wannan ba hankali ba ne.

Gobe za mu kai shi asibiti a yi hoto. Kada ka zo. In ka zo ba zan iya hana ka shiga ba, kai babba ne, amma ba zan kawo maka ruwa ba. Inna ta san halin da ake ciki, na faɗa mata komai, na kuma faɗa wa duk wanda ya zo dubiya ya tambaya.

Ka gaida Anti. Ita ba ruwanta.

Ƙanwarka,
Mutmainna


Jibiya,
17 ga Oktoba, 2024

Yaya Zunnuraini,

Assalamu alaikum. Ina fatan kun tashi lafiya, ya jikin ƙaramin naku da aka ce yana mura? Allah Ya sawwaƙe.

Takardarka ta iso. Na ɗauka zan ga ban haƙuri. Layi uku ka rubuta, biyu addu'a, ɗaya tambaya: wai ranar da abin ya faru, daga kan bulo ya ɗaga ko daga ƙasa? Mutum yana kwance ba ya iya zuwa banɗaki da ƙafarsa, kai kana tambayar bulo. Haka kake tun fil azal. Ko gida ne ke cin wuta, sai ka tsaya ka gano wanda ya yi kuskure, in dai ba kai ba ne. Ba zan amsa maka ba. Ni ba ɗalibarka ba ce.

Ga abin da likita ya ce, tunda na san za ka so ji. Guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwan baya, can ƙasa kusa da ƙugu, ya goce yana danne jijiya. Ya ce ba lallai a yi aiki ba, a ba shi makonni ana shan magani a gani. Na tambaye shi ko zai koma dako. Ya dube ni, ya dubi Baban Na'ima, ya ce mu bari ya fara tafiya tukuna. Na gane.

Nagoggo, shugaban 'yan dako na Magama, ya zo da mutanensa shekaranjiya. Sun cika zaure, sun yi addu'a. Da za su tafi ya ja ni gefe ya ce gurbin Baban Na'ima ba zai iya zama babu kowa ba, motoci ba sa jira. Ya kuma ce ya hana mutanensa zuwa wurin da kake koya musu ɗaga ƙarfe bayan tasha ranar Asabar, ya sa an kwashe kayan an kulle. In ka shigo Jibiya za ka ji abin da ake faɗa a kanka. Har a masallaci an yi maganar. Ana cewa malamin motsa jiki ya karya mijin ƙanwarsa. Ban ji tausayinka ba.

Ba zan ɓoye gaskiya ba, don ni ba azzaluma ba ce. Watannin farko da ya fara ɗaga ƙarfen ya ji sauƙi. Ya daina dafa bango in zai tashi daga tabarma. Ya koma yin ruku'u cikakke. Man zafin da nake shafa masa kullum har ya bushe a kwalba. Na gani da idona.

Amma ka san abin da ƙarfenka ya ƙwace mini? Kafin ka zo, na kusa shawo kansa. Shekara biyu ina roƙonsa ya bar dako. Wansa ya ce ya komo ƙauyensu Riko su haɗa gona, ko ya zauna nan ya riƙa sayar musu da amfanin gona a kasuwa. Ya fara saurare na. Ciwon nan da kake kira matsala, shi ne kaɗai abin da ya sa ya fara saurare na. Ka san mahaifinsu. Ka ga yadda ya ƙare, shekara talatin yana dako, ya rasu a dunƙule, idonsa bai ƙara ganin sama ba sai in an kwantar da shi. Ni na yi jinyarsa, ba kai ba. Duk sanda na ga Baban Na'ima ya dawo da ƙurar buhu a wuya, tsohon nan nake gani.

Sai ga ka da sandarka. Cikin wata biyu mutum ya canza. Bayan asuba sai in ji nishinsa a tsakar gida, da ƙarar siminti a kan bulo, dum, dum, har kajina suka daina kwana a wajen. Ya riƙa ƙara nauyi. Ya riƙa cewa yana jin kansa kamar ɗan shekara ashirin da biyar, zai ƙara shekara goma yana aiki. In na tayar da maganar Riko sai ya yi dariya ya ce in tambayi Yayana. Kai ne ka zama mai faɗa a ji a gidana, kana zaune a Katsina.

Shi ya sa ko da ya warke gobe, ni da kai akwai magana.

Ya ce in gaishe ka. Na isar, don amana ce.

Mutmainna


Jibiya,
28 ga Oktoba, 2024

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gajiyar hanya? Ina fatan ka isa gida lafiya ka iske iyali lafiya.

Na ce kada ka zo, ka zo. Na ga yadda ka tsaya a tsakar gida kafin ka shiga wurinsa. Na ga ka kalli sandar a yashe a ƙasa, ka kalli inda bulon suke a da, shatinsu yana nan a kan daɓe. Sannan ka kalle ni. Sai ka wuce ɗakinsa. Da ka zage ni da ya fi mini sauƙi.

Ina bayan labule lokacin da ka tambaye shi. Na ji abin da ya ce maka: "Ni na kawar da su, Malam. Na ga na yi ƙarfi, na ce bari in gwada daga ƙasa. Laifina ne." Na ji ka yi masa faɗa, ka ce sau nawa ka gargaɗe shi cewa nauyin da mutum ke ɗagawa daga gwiwa ba shi zai ɗaga daga ƙasa ba, bayansa bai kai nan ba tukuna. Ya karɓi faɗan.

Ƙarya ya yi maka. Ni na ɗauke su.

Ranar Asabar ce, yana Magama. Maƙwabcinmu Malam Abu yana gyaran katangarsa da damina ta zubar. Na ɗauki bulon ɗaya bayan ɗaya na kai masa, na ce ba mu da buƙatarsu. Na tsaya har na ga magini ya ɗora su ya shafe da siminti, don kada a ce a dawo da su. Ba mantuwa ba ce, ba kuskure ba ne. Na daɗe ina shirya abin a raina. Tunanina shi ne in babu bulo zai haƙura. Zai yi fushi kwana biyu, ya ce zai nemo wasu, aiki ya sha kansa, abin ya bi ruwa.

Da asubar Lahadi ya fito ya tsaya a kan sandar. Ya tambaye ni ina bulo. Na ce na bayar, kuma na gaji da wannan haukan a gidana. Na faɗi wasu maganganun da ba zan rubuta ba. Na ce masa ma abin da yake yi rabin ɗagawa ne, yara ma suna dariya, wai ƙato guda sai an ɗora masa kaya a kan bulo kafin ya iya ɗauka. Babu yaron da ya yi dariya, Yaya. Ni na ƙirƙira don in sa ya ji kunya ya bari.

Sai ya tuɓe riga. Ina riƙe da ludayin koko ina kallonsa. Ya sunkuya har ƙasa, na ga bayansa ya lanƙwashe kamar baka, ba kamar yadda ya saba ba. Sandar ta tashi kamar tsawon tafin hannu. Sai ya yi wani irin sauti da ban taɓa ji daga bakin namiji ba, ya sake ta, ya durƙusa, ya kifa goshinsa a ƙasa. Na'ima ta fito da gudu tana kuka. Ni kuwa ludayin yana hannuna, na kasa ajiye shi.

Tun ranar bai tayar mini da maganar ba. Ko sau ɗaya. Ina juya shi, ina goge masa jiki, yana cewa sannu. Ya faɗa wa likita shi ya yi ganganci. Ya faɗa wa mahaifiyarsa haka. Yana ji ina ɗora maka laifi a gaban masu dubiya, sai ya rufe ido kawai. Wannan shirun nasa ya fi duka ciwo.

To ga shi ka samu amsar tambayarka. Amma kada ka yi saurin jin daɗi, don ban sauke maka naka kason ba. Ka tuna ranar farko na fito na tambaye ka, mene ne amfanin bulon nan, me ya sa ba za a ajiye abin a ƙasa a jingine bango in sami wurin shanya ba? Ka tuna amsarka? Ka yi dariya ka ce, "Ke dai je ki duba tukunyarki, wannan ba fanninki ba ne." A gaban mijina. Kalma goma kacal ta ishe ka ka ce mini bulon nan su ne ke kare bayansa, in babu su zai ji rauni. Da ka faɗa, wallahi da hannuna bai taɓa su ba. Ka yi wa 'yan dako ashirin bayani a bayan tasha, ka kasa yi wa ƙanwarka a gidanta. Ka ajiye abu mai haɗari a inda nake girki, inda 'yata ke wasa, ka ɗauke ni kamar akuyar gidan.

Ban rubuto don neman gafararka ba. Na rubuto ne don na kasa cin abinci. Ka yi abin da ka ga dama da takardar nan. In ka so ka kai wa Nagoggo, ka kai wa Inna, ka wanke sunanka. Hakkinka ne.

Mutmainna


Jibiya,
15 ga Nuwamba, 2024

Zuwa ga Yaya Zunnuraini,

Assalamu alaikum warahmatullah. Ina fatan kuna lafiya kai da Anti da yara. Na ji an ce ɗalibanka sun fara jarrabawa, Allah Ya ba da sa'a.

Kwana goma sha takwas ina jira. Duk sallamar da aka yi a ƙofar gida sai in ce yau Yaya ya fasa ƙwan. Shiru. Sai Dalhatu direba ya ba ni labari cewa ka shigo Jibiya ranar Asabar, ka je bayan tasha karɓar kayanka, wani daga cikin mutanen Nagoggo ya tofar da yawu a gabanka ya kira ka mai karya mutane. Ya ce ka sunkuya ka kwashi kayanka ka sa a mota, ba ka ce uffan ba. Takardata tana hannunka a lokacin.

Kada ka zaci na ji daɗi. Haushi na ji. Kai da abokinka kun haɗa kai kun rufa mini asiri ba tare da kun tambaye ni ko ina so ba. Kun sake yanke hukunci a kaina, ku biyu, kamar kullum. Shi ya zama mai haƙuri, kai ka zama mai mutunci, ni aka bar ni da abin a ƙirji.

Shi ya sa na yi da kaina. Ranar Laraba Goggo, mahaifiyar Baban Na'ima, ta zo daga Riko. Inna ma tana nan. Na aika aka kira Nagoggo, na ce maganar aiki ce. Da suka zauna a ɗakin da yake kwance, na durƙusa a bakin ƙofa na faɗi komai. Bulon, katangar Malam Abu, da maganar da na faɗa masa da asubar nan. Na ce Yayana ya gargaɗe shi kada ya ɗaga daga ƙasa, kuma wata biyar yana bin abin da aka koya masa lafiya lau, har sai da na sa hannu.

Baban Na'ima ya yi ƙoƙarin tashi zaune yana cewa, "Ya isa, ya isa, ba haka ba ne." Na ce masa haka ne, kuma ya bar ni in gama magana sau ɗaya a rayuwata.

Inna ta rufe fuska da mayafi. Nagoggo ya ce shi zai je Katsina da ƙafarsa ya same ka. Ka saurari zuwansa. Goggo kuwa ba ta yi ihu ba. Ta dube ni ta ce, "Wata guda, duk zuwan da na yi dubiya kina ba ni abinci da hannun nan, kina zagin ɗan'uwanki." Shi ke nan abin da ta ce. Jiya da safe ta sa aka kawo mota, aka shimfiɗa katifa a baya, ta tafi da ɗanta Riko. Ta ce can za a ƙarasa jinyarsa. Bai so ba, amma ka san ba ya musu da ita.

Kafin su tafi ya taka da ƙafarsa daga ɗaki har zaure, yana dogara sanda. Taku goma sha huɗu, na ƙirga. Likita ya ce jijiyar tana sakewa, zai yi tafiya, zai yi noma mara nauyi in Allah Ya so. Dako kuwa ya ƙare. Abin da na yi shekara biyu ina roƙo ke nan. Ga shi ya bar dako, ga shi a Riko. Ban san haka samun biyan buƙata yake da ɗaci ba.

Sunanka ya wanku. Kada ka gode mini, kuma kada ka aiko Anti ta ba ni haƙuri. Ban huce ba. Har yanzu ina ganin da ka ɗauke ni mutum da duk wannan bai faru ba, kuma har yau ba ka ce mini ka yi kuskure ba. Ni na faɗi nawa a gaban mutum huɗu, gwiwata a ƙasa. Naka yana nan yana jiranka.

Gobe da safe zan kai Na'ima wurin Inna, in shiga motar Riko. Ba wanda ya kira ni. Goggo ba ta san yadda ake juya shi ba tare da an taɓa ƙafar hagun ba, kuma ba zai faɗa mata in ta yi masa da zafi ba, zai cije ne ya ce sannu. Ban sani ba ko za ta amsa sallamata. In ba ta amsa ba, zan zauna a zaure da ƙullin kayana har ta gaji da ganina.

Ka yi mini addu'a in kana iyawa.

Ƙanwarka,
Mutmainna